Mutum ɗaya, shekarar haihuwa uku: wacce za a sa a maƙala?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum jama'a. Ga wata matsala da ke yawan tasowa a maƙalolin 'yan siyasa a Wikipedia ta Hausa. Za ka ga shafin majalisa ya ba mutum shekarar haihuwa ɗaya, jaridar da ta taya shi murnar zagayowar ranar haihuwarsa ta ba shi wata, Wikipedia ta Turanci kuma ta kawo ta uku. Wasu editoci suna ɗaukar wadda ta fi fitowa a Google. Akwai ƙa'idar da za mu tsaya a kanta? Kuma abin bai tsaya ga haihuwa ba, har da shekarun riƙe muƙami da maganar digiri.

Malam Na-Kaduna: Wa alaikumus salam. Bin mafi yawa shi ne kuskuren farko. Shafi goma da suka kwafi juna shaida ɗaya ne, ba goma ba. Malaman hadisi sun daɗe da warware mana wannan: ba yawan masu faɗa ake kallo ba, isnadi ake bi a ga wa ya ji daga wa.

Ga yadda ake bin sa a aikace. Ka ɗauki jimla guda daga tarihin mutumin, wadda ba kowa zai ƙirƙira ba, ka sa ta tsakanin alamar zance ka nema. Duk shafukan da suka fito da ita kalma da kalma 'yan gida ɗaya ne. Sai ka nemi wanda ya riga sauran. Wayback Machine, wato rumbun da ke adana tsofaffin kwafin shafukan intanet, zai nuna maka lokacin da aka fara adana kowane shafi, tarihin gyare-gyaren maƙalar Wikipedia kuma zai nuna maka ranar da aka fara shigar da shekarar. Idan an shigar da ita a Wikipedia a 2012 ba tare da madogara ba, jarida kuma ta buga ta a 2017 da lafazi iri ɗaya, to jaridar ce ta kwafa daga Wikipedia. In ka kafa hujja da ita, ka mayar wa Wikipedia maganarta ne kawai. Alamar da ba ta ƙarya ita ce kuskuren rubutu: in sunan makarantar firamare ya karkace iri ɗaya a wuri biyar, tushensu ɗaya.

Hajiya Mai Bita: Malam ya faɗi gaskiya. In ƙara da cewa yawancin manyan 'yan siyasarmu ba a yi musu rajistar haihuwa ranar da aka haife su ba. Dokar da ta wajabta rajistar a duk faɗin Najeriya, ta ɗora aikin a kan hukumar ƙidaya, ta 1992 ce. Wanda aka haifa a ƙauye a 1945, shekarun da ke takardunsa daga rajistar makaranta suka samo asali, inda malami ke duban yaro ya ƙiyasta, wani lokaci a ce ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunnensa. Daga baya sai ya je kotu ya yi takardar rantsuwar shekaru. Wanda ya shiga aikin gwamnati kuma yana da dalilin rage shekara biyu ko uku, tunda ritaya a shekara 60 take ko bayan shekara 35 ana aiki.

Ko Sardauna Ahmadu Bello, da aka yi littattafai a kansa, za ka ga 1909 a wasu, 1910 a wasu. Don haka in madogara biyu masu ƙarfi sun saɓa, a rubuta duka biyun a cikin maƙala, kowace da madogararta. Ba aikin edita ba ne ya yi musu alƙalanci a ɓoye.

Bakatsine: To ai akwai hanya mai sauƙi. Kowane ɗan takara yana cike fom na INEC, wanda a da ake kira CF001, yanzu EC9, ya yi rantsuwa a kai. Me ya fi wannan ƙarfi? Mutum da bakinsa, a gaban mai rantsarwa.

Lauyan Zaure: Ɗan'uwa Bakatsine, fom ɗin yana da amfani ƙwarai, amma a san abin da yake tabbatarwa. Yana tabbatar da cewa mutumin ya faɗi haka a ƙarƙashin rantsuwa. Bai tabbatar da cewa haka abin yake ba, domin INEC ba ta bin makarantu tana tantance takardu, karɓa take yi ta liƙa.

Misali sananne shi ne na Salisu Buhari, kakakin majalisar wakilai a 1999. Ya ce shekararsa 36, ashe 29 ce, alhali a lokacin tsarin mulki ya ce sai mai 30 zai shiga majalisar wakilai. Ya kuma ce yana da digiri daga Jami'ar Toronto, jami'ar ta ce ba ta san da zancen ba. Mujallar TheNews ce ta bankaɗo, ya sauka a watan Yuli na 1999. Duk wanda ya dogara da takardunsa na takara kafin wannan lokaci da ya rubuta ƙarya da madogara a gefenta.

Ga amfanin fom ɗin. Sashe na 29 na dokar zaɓe ta 2022 ya ce INEC ta liƙa bayanan ɗan takara a mazaɓarsa cikin kwana bakwai da karɓa, kuma kowa na iya neman kwafin da aka tabbatar in ya biya kuɗin da aka ƙayyade. In mutum ya tsaya takara sau uku, ka samo fom ɗin ukun ka jera su. Shekarar haihuwa ta sauya? Makarantar da ya ambata a 2011 ta ɓace a 2019? Tsarin sunan ya juya? Bambancin sunaye a takardun mataimakinsa ne ya sa Kotun Ƙoli ta soke nasarar David Lyon a zaɓen gwamnan Bayelsa ranar 13 ga Fabrairu 2020, ana gobe za a rantsar da shi. A maƙala sai a ce "bisa takardun da ya miƙa wa INEC a shekara kaza". Kuma don Allah kada a kwashe adireshin gida da lambar waya daga fom a zuba a maƙala.

Ɗan Damagaram: Barkanku da muhawara. A Nijar matsalar ta fi fitowa fili, domin takardun da kansu suna faɗa. Wanda ba a yi masa rajista da wuri ba, kotu ke ba shi takardar da ake kira jugement supplétif bisa shaidar mutane, kuma sau da yawa a rubuta "né vers", wato an haife shi wajajen shekara kaza. Da aka koma cike bayanai a kwamfuta, akwatin yana neman rana da wata, sai a cusa 1 ga Janairu. Ku duba: ana rubuta wa Mahamadou Issoufou 1 ga Janairu 1952, ana rubuta wa Mohamed Bazoum 1 ga Janairu 1960. Tandja Mamadou kuwa shekara kawai aka saba ba shi, 1938, a Maine-Soroa, kuma wannan ya fi aminci.

Don haka duk inda kuka ga 1 ga Janairu, ku tsaya ku bincika kafin ku ɗauka ranar haihuwa ce ta haƙiƙa. A Wikidata, rumbun bayanan da Wikipedia ke ɗebowa daga gare shi, ana iya saita daidaiton kwanan wata ya tsaya a shekara kaɗai, akwai kuma alamar "wajajen". A yi amfani da su. Akwatin bayanai, wato taƙaitaccen jadawalin da ke gefen maƙala, a maƙalolin Hausa da yawa daga Wikidata yake jawo kwanan wata, saboda haka in ka gyara jikin maƙala ka bar can, akwatin zai ci gaba da nuna tsohuwar.

Sai rubutun suna. In ana neman ɗan Nijar sai an gwada salon Faransanci da na Hausa: Issoufou da Yusufu, Ousmane da Usman, Mahamane da Mamman, Zinder da Damagaram. Tsarin ma yana juyawa, Diori Hamani da Hamani Diori mutum ɗaya ne. Naɗin minista ko gwamna kuma a Journal Officiel, mujallar da gwamnati ke buga dokoki a cikinta, ake samun lambar dokar da ranarta, jaridar gwamnati Le Sahel tana kawo sakamakon taron majalisar ministoci.

Ɗan Birni: Na gode. To batun muƙami fa? Nan na fi ganin rikici, musamman a jerin gwamnoni.

Lauyan Zaure: Saboda ana haɗa ranaku huɗu a mayar da su ɗaya: ranar zaɓe, ranar da aka bayyana sakamako, ranar rantsuwa, da ranar hukuncin kotu in akwai. Muƙami daga rantsuwa yake farawa.

Atiku Abubakar ya ci zaɓen gwamnan Adamawa a farkon 1999, amma bai taɓa zama gwamna ba, domin kafin rantsuwa ya zama mataimakin shugaban ƙasa, Boni Haruna aka rantsar. A Zamfara a 2019 an bayyana Mukhtar Shehu Idris na APC a matsayin wanda ya ci zaɓen gwamna, Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un jam'iyyar ranar 24 ga Mayu, Bello Matawalle na PDP aka rantsar ranar 29. To Mukhtar zaɓaɓɓen gwamna ne da bai hau ba, ba tsohon gwamna ba. Emeka Ihedioha na Imo kuwa tsohon gwamna ne, domin ya hau ranar 29 ga Mayu 2019 kafin kotu ta cire shi ranar 14 ga Janairu 2020.

Na Kano ya fi ruɗa mutane. Kotun sauraren ƙararrakin zaɓe ta soke nasarar Abba Kabir Yusuf a Satumba 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayanta a Nuwamba, Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kujerarsa ranar 12 ga Janairu 2024. Duk tsawon wannan lokaci bai sauka ba, domin muddin akwai ɗaukaka ƙara mai kujera yana nan a kanta. Wanda ya ruga ya gyara akwatin bayanai ranar hukuncin farko ya rubuta abin da bai faru ba.

'Yan majalisar tarayya kuma wa'adinsu daga ranar ƙaddamar da majalisa yake, ba 29 ga Mayu ba. Majalisa ta tara 11 ga Yuni 2019, ta goma 13 ga Yuni 2023.

Hajiya Mai Bita: A haɗa da muƙaddashi. Goodluck Jonathan ya zama muƙaddashin shugaban ƙasa ranar 9 ga Fabrairu 2010, cikakken shugaba ranar 6 ga Mayu bayan rasuwar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Layi biyu ne a akwati. Haka minista da ƙaramin minista, jaridun Hausa kan ce "minista" ga duka biyun don gajarta kanun labari, mai rubuta tarihi ba shi da wannan uzurin.

Jam'iyya ma da shekarunta ake rubuta ta. Matawalle a PDP ya hau, a 2021 ya koma APC. In ka sa APC kaɗai a gaban wa'adinsa ka goge rabin labarin.

Malam Na-Kaduna: Akwai abin da ke ɓata maƙaloli fiye da duk waɗannan, wato haɗa mutum biyu a riga ɗaya. Sunayenmu kaɗan ne, masu su da yawa. Ku ɗauki Muhammad Abubakar. Akwai Muhammad Abdullahi Abubakar, gwamnan Bauchi 2015 zuwa 2019. Akwai Muhammad Badaru Abubakar, gwamnan Jigawa 2015 zuwa 2023. Akwai Muhammad Dikko Abubakar, sufeto janar na 'yan sanda 2012 zuwa 2014. Biyun farko rana ɗaya aka rantsar da su, a jam'iyya ɗaya, a jihohi maƙwabta. Mai fassara da na'ura cikin gaggawa sai ya ɗauko digirin lauya na na Bauchi ya liƙa wa na Jigawa.

A jamhuriya ta biyu akwai Rimi biyu. Abubakar Rimi gwamnan Kano ne daga 1979 har ya ajiye a 1983, Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa. Abba Musa Rimi kuma shi ya gaji Balarabe Musa a Kaduna bayan majalisa ta tsige shi a Yuni 1981. Gidan 'Yar'aduwa kuma uku ne: Musa uban, ministan harkokin Legas a jamhuriya ta farko, sai Shehu, sai Umaru. Tsohuwar jarida in ta ce "'Yar'aduwa", shekarar bugun ce za ta gaya maka wanne.

Kafin ka jingina wa mutum wani bayani, abu biyu aƙalla su dace ban da suna: mazaɓa, ko jam'iyya, ko shekara, ko sarauta. Sarautar ma da lokacinta. Atiku Turakin Adamawa ne shekaru masu yawa kafin ya zama Waziri, to "Turakin Adamawa" a jaridar 2003 da ta 2020 ba mutum ɗaya ba ne.

Bakatsine: Duk na yarda, amma akwai inda ban gamsu ba. Kuna ta maganar takarda, alhali kun ce takardun ƙiyasi ne. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Tsohuwa a gidan mutum za ta ce an haife shi shekarar da Sarkin Katsina Dikko ya rasu, wato 1944, ko ana goyonsa Sarauniyar Ingila ta zo, wato 1956. Wannan ya fi ƙiyasin malamin firamare daidai nesa ba kusa ba. Amma in edita ya je ya ji da kunnensa, sai a ce binciken kai ne, a goge. Ta haka 'yan NEPU na ƙauyuka da matan da suka sha ɗauri irin su Gambo Sawaba za su ci gaba da zama da layi biyar biyar, wanda ya yi kwamishina wata shida kuma yana da shafi guda saboda yana da mai rubuta masa sanarwa.

Hajiya Mai Bita: Ƙorafinka gaskiya ne Malam Bakatsine, kuma yana ci wa kowa tuwo a ƙwarya. Sai dai dalilin ƙa'idar shi ne mai karatu a Agadas ko Kumasi ba shi da hanyar komawa wurin tsohuwar ya ji. In an buɗe ƙofar "na ji da kunnena", yaran ɗan siyasa da 'yan adawarsa ne za su fara shigowa, kowa da tasa tsohuwar.

Hanyar ita ce a fitar da maganar baka ta zama abin da wani zai iya dubawa. A naɗi hirar, a rubuta sunan mai bayani da wuri da rana, a kai wa jarida ko gidan rediyo ko mujallar jami'a su buga. Bayan nan kowane edita na iya kafa hujja da ita. Kuma da yawa an riga an yi, ba a nema ne. Kundayen digiri na biyu da na uku a sassan tarihi da kimiyyar siyasa na jami'o'in Zariya, Kano da Sakkwato cike suke da hirarrakin tsofaffin 'yan NEPU da NPC. Sai dai a duba ƙasan shafi: in duk bayanin daga hira da mutumin kansa ne ko ɗansa, a rubuta shi a matsayin abin da suka faɗa.

Bakatsine: To wannan hanya ce, amma doguwa ce, masu bayanin kuma kullum raguwa suke. Ni dai ina ganin ya kamata ƙungiyoyin editoci su sa naɗar hira cikin ayyukansu, ba gasar yawan maƙala kaɗai ba.

Malam Na-Kaduna: A nan ina bayanka. Ga masu iya zuwa da ƙafarsu kuma, ga inda kayan suke. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna yana da fayilolin lardi, masu lamba irin KANOPROF, SOKPROF, ZARPROF, da na ofishin sakataren Arewa, SNP. Nan ake samun naɗin hakimai da ma'aikatan En'e, inda yawancin 'yan siyasar jamhuriya ta farko suka fara. Gidan Arewa a Kaduna, Gidan Mambayya a Kano, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato duk suna da takardu. Jaridu kuma: Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939, Nigerian Citizen daga 1948, New Nigerian daga 1966. Ka ɗauki hoton shafin gaba ɗaya har da saman da ke ɗauke da rana da lambar shafi. Guntun labari da aka yanke ba rana ba shi da amfani.

A kula da abu biyu. Gaskiya da Citizen na hukuma ne, labarinsu a kan 'yan adawa yana da ɓangare, ka ɗauki rana da wuri daga gare su, ka yi hattara da siffantawa. Na biyu, in ka samu shekarar Hijira, kusan kowace tana ratsa shekarun Miladiyya biyu. Lissafin gaggawa: ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622. Misali 1340 ta fara a Satumba 1921 ta ƙare a Agusta 1922, to in ba a ambaci wata ba sai ka rubuta "1921 ko 1922".

Wurin haihuwa ma yana da tarko. Sule Lamido an haife shi a 1948 a Bamaina ta ƙasar Birnin Kudu, lokacin nan lardin Kano ne, Jigawa sai 1991 aka ƙirƙiro ta. Katsina 1987, Zamfara da Gombe da Nasarawa 1996. A rubuta "a Bamaina, da ke jihar Jigawa a yanzu". Kuma sunan gari a ƙarshen sunan mutum asali yake nunawa, ba lallai nan aka haife shi ba.

Ɗan Birni: Saura digiri da shari'a.

Lauyan Zaure: Digiri: a bambanta wanda aka yi karatunsa da na girmamawa, a kuma bambanta digiri da kwas na mako biyu. "Ya halarci Harvard" sau da yawa gajeren horo ne na shugabanni, sai a faɗi sunan kwas ɗin da tsawonsa in madogara ta kawo, in ba ta kawo ba a bar shi. Littafin bikin yaye ɗalibai na jami'a shi ne shaida mafi kyau, yana jera suna da fanni da shekara.

Shari'a kuwa matakai ne, kowane da kalmarsa: an zarge shi, an gayyace shi, an kama shi, an gurfanar da shi, an same shi da laifi. Kada a tsallaka ko ɗaya. Kuma a bi shari'ar har inda ta tsaya. An yanke wa tsohon gwamnan Abia Orji Uzor Kalu hukunci a Disamba 2019, Kotun Ƙoli ta soke shari'ar a Mayu 2020. Tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba an ɗaure su a 2018, aka yi musu afuwa a 2022, kuma afuwa daban, wankewar kotu daban. Ga mutum mai rai, duk zargin da ba shi da madogara mai ƙarfi cire shi ake yi nan take, ba a sa masa alamar "ana buƙatar hujja" a bar shi yana jira.

Ɗan Damagaram: A ƙara da ranar rasuwa, tunda nan ake tseren wa zai riga gyarawa. An taɓa sanar da mutuwar Nnamdi Azikiwe a 1989, har manya suka fara ta'aziyya, bai rasu ba sai 1996. A jira sanarwar iyali ko ta gwamnati ta fito a kafa biyu da ba su kwafi juna ba. A kuma raba ranar rasuwa da ta jana'iza da ta bugun jarida. Umaru 'Yar'aduwa daren 5 ga Mayu 2010 ya rasu, aka binne shi a Katsina ranar 6, jaridun da suka kawo labarin ma ranar 6 ke samansu. Muhammadu Buhari ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli 2025, aka yi jana'izarsa a Daura ranar 15.

Ɗan Birni: To a akwatin bayanai, inda gurbi ɗaya ne, me za a sa in shekaru biyu sun yi kunnen doki?

Hajiya Mai Bita: Ka sa "1909 ko 1910" da hannu, kowace da madogararta, ka cire samfurin da ke lissafa shekarun mutum da kansa, domin shi rana guda yake nema. A Wikidata ka shigar da duka biyun, kada ka ɗaga darajar ɗaya sai in ka samu dalilin da za ka iya rubutawa. Sannan ka bar bayani a shafin tattaunawa na maƙalar: ga littattafan da aka duba, ga shafin kowane, ga abin da kowane ya ce, don edita na gaba kada ya zo ya goge ɗaya yana zaton kuskure ne.